Kasuwannin Bankok: Abin Da Idona Ya Gani, Da Abin Da Aljihuna Ya Ji

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Agege ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya

 

  

Ni ba ma'abucin jawabi ba ne. Karatuna na Islamiyya ne, sai ɗan lissafin da kasuwa ta koya mini. Amma shugaba ya ce tun da samarinmu da yawa suna zuwa suna tambayarsa hanyar Bankok, gara wanda ya je ya tashi ya yi bayani a gaban kowa, kada yaro ya sayar da babur ɗinsa ya tafi a kan labarin shayi. Na fara zuwa a 1998 ina yaron maigidana, Allah Ya jiƙansa, ina riƙe masa jaka. Zuwana na ƙarshe a 2025 ne. To abin da na sani a tsakani shi zan faɗa.

Bankok ita ce babban birnin ƙasar Tailan, su mutanen garin Kurun Tep suke ce mata. Daga nan Ikko sai ka yada zango a Adis Ababa ko Doha ko Dubai kafin ka isa. Suna gabanmu da awa 6, wato lokacin da ake kiran Azahar a can, mu a nan ba a daɗe da sallame Asuba ba. Kuɗinsu sunansa bat. Shekarar da muka fara zuwa kuɗin ya riga ya karye, domin a watan Yuli na 1997 gwamnatinsu ta sake shi, dala ɗaya da take bat 25 ta haura 50 a farkon 1998. Wanda ya shigo da dala a lokacin sarki ne. Wannan zamani ya wuce, kada wani ya yi lissafi da shi.

Abu na farko da ya ba ni kunya shi ne alƙibla. Daren da muka sauka na shimfiɗa darduma na dubi gabas yadda na saba tun ina yaro. Maigida ya shigo ya kama kafaɗata ya juya ni. Ashe Makka tana yamma da su. Ya ce, "Yaro, ka ga darasinka na farko. A garin nan abin da ka sani ajiye shi, ka yi tambaya." Wallahi maganar nan ita ta riƙe ni har yau.

Kafin ka tashi akwai takardu. Ban da fasfo da biza, ɗan Nijeriya sai ya karɓo takardar wankewa daga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, sannan da katin rigakafin shawara. Tun watan Mayu na 2025 kuma sai ka cike katin isowa ta intanet kafin ka sauka. In ka wuce kwanakin bizarka, tarar bat 500 ce kowace rana, kuma in 'yan sanda suka riga kama ka, abin ya wuce maganar tara.

To mu shiga kasuwa.

Kasuwar da mutanenmu suka fi sauka ita ce Paratunam. Ma'anar sunan wai ƙofar ruwa. Alamarta wani dogon bene mai suna Baiyoke, tsawonsa ya haura mita 300, in ka ɓata ka ɗaga kai ka neme shi. Ku ɗauka Balogun ce da Idumota aka haɗa, aka matse lungunan. Riguna, wanduna, kayan yara, takalma, jakunkuna, gyale. Masu sari na gaske kafin gari ya waye suke fitowa, domin kasuwar asuba ta bakin titi ta fi ta rana sauƙi. Tsallaken titi akwai Platinum, wadda aka buɗe a 2005, bene ne mai sanyi, shaguna a jere hawa-hawa. Ƙa'idarsu ita ce farashi biyu. In ka ɗauki ɗaya kuɗin kiri ne, in ka ɗauki kamar uku zuwa sama sai a ba ka kuɗin sari. Galibi ba a gwadawa, ba a mayarwa.

A nan na yi faɗuwata ta farko da kuɗin kaina. Na ga rigunan maza masu kyau, na duba wuya na ga an rubuta babban lamba, na sari dozin 40 ina murna. Da kaya suka iso Agege, jama'a, babbar cikinsu ba ta shiga ɗan sakandare. Mutanen can ƙananan jiki gare su, babbarsu ita ce matsakaiciyarmu, wani sa'in ma ƙaramarmu. Na yi wata 7 ina karyar da su. Tun daga ranar ba na shiga kasuwa sai da tef ɗin tela a wuyana. Kada ka yarda da harafin da ke wuyan riga, auna ƙirji, auna tsawo, ka rubuta a takardar oda.

Ta biyu ita ce Bobe. Wannan ta masu dozin ce da dila, musamman kayan yara da na makaranta. Daga Paratunam ba sai ka shiga cunkoson mota ba, akwai jirgin ruwa mai inji da ke bin magudanar San Sap, ya sauke ka a bakin kasuwar da 'yan canji kaɗan. Ruwan dai ba na alwala ba ne, ka kare bakinka in ya fantsamo. Abin da ya sa nake son Bobe, unguwar Musulmi ce ke maƙwabtaka da ita, akwai masallacin Mahanak, akwai abincin da za ka ci hankali kwance.

Ta uku ita ce Sampen, a unguwar Sinawa. Lungu ne guda dogo, ƙunci gare shi har mutum biyu ba sa jerawa in mai kura ya taho. Nan ake samun kayan ƙyale-ƙyale, ribom, sarƙoƙin roba, maɓallai, zif, kayan wasan yara, lema. Iyayenmu mata masu sayar da kayan kitso da na kwalliya, yawancin irin abin da kuke saye a Idumota akwai uwarsa a can. In ka bi lungun har ƙarshe za ka faɗa Pahurat, unguwar Indiyawa, inda yadi da leshi suke. A gefe guda kuma ga titin Yawarat na masu zinariya. Hajiyoyi ku saurara. Zinariyarsu kashi 96.5 cikin 100 ce, wato wajen karat 23, ta fi ta Dubai da kuka saba ja, ta kuma fi ta laushi. Ma'auninta shi ma sunansa bat, giram 15 da ɗan ɗoriya. Farashin ranar a rubuce yake a jikin gilashin kowane shago, abin da ake ciniki a kai kuɗin ƙira ne kawai.

Ta huɗu ita ce Catucak, wadda take cika Asabar da Lahadi. Rumfunanta sun haura 15,000, an kasa su sashe-sashe da lamba. Tukwane, kayan katako, fata, tsuntsaye, shuke-shuke, gwanjo, babu abin da babu. Jirgin ƙasa na sama da aka buɗe a 1999 yana kai ka har kusa da ƙofa. Shawarata biyu ce. In ka ga abu ya yi maka, saya a take, don ba za ka sake gane rumfar ba. In kuna da yawa, ku yi alkawarin haɗuwa a gindin hasumiyar agogo da ke tsakiya. Ni dai Catucak ba wurin sari na ɗauke ta ba, wurin buɗe ido ne, ka ga sabon samfuri ka karɓi katin mai shi ka bi shi har masana'anta.

Yanzu yadda ake ciniki. Yawancinsu Turancinsu kaɗan ne, namu ma haka, saboda haka kalkuleta ce tafinta. Ta buga, ta miƙo maka, ka goge ka buga naka. Na ce "ta" domin mata ne suka fi riƙe shaguna. Kalmomi kaɗan za su taimake ka. "Tau rai" shi ne nawa ne. "Pang" shi ne ya yi tsada. "Lot dai mai" shi ne a rage mini. "Kop kun kap" shi ne na gode. Amma babban abu, kada ka ɗaga murya. Irin cinikinmu na nan, ka yi tsaki, ka jefar da kaya, ka juya a kira ka, a can ba ya ci. In ka yi fushi sai ta yi murmushi ta ajiye kalkuleta, ciniki ya mutu ke nan. Kada ka nuna kaya da ƙafa, kada ka dafa kan ɗan mai shago da sunan wasa. In kai ne cinikin farko da safe za ka ga ta ɗauki kuɗinka tana shafa wa kayan shagon. Al'adarsu ce ta neman sa'a. Mu ba mu yi, amma a wannan lokacin ta fi saurin sallamawa.

Ku kula da kuɗinsu, akwai hoton sarkinsu a jiki. In kwabo ya faɗi yana gangarawa, kada ka taka shi da ƙafa. Dokar ƙasar tana ɗaure wanda ya ci mutuncin sarki daga shekara 3 zuwa 15, kuma ba ta ware baƙo ba. Ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma ana sa taken ƙasa a tasha da wasu kasuwanni, kowa ya tsaya cik. Kai ma tsaya. Mu da muke zaune a ƙasar Yarbawa shekara da shekaru mun san wannan karatun, mai gari ba a yi masa gardama a kan al'adarsa.

Wani abu kuma, shekararsu daban ce. Suna gaba da lissafin Turawa da shekara 543. Shekarar 2025 a wurinsu 2568 ce. In za ka sari sabulu ko man shafawa ko abin ci, ka ga an buga 68 ko 69 a gindin kwali, to ka cire 543 daga cikakkiyar shekarar kafin ka san ko ya kusa lalacewa.

To sai maganar ciki, wadda na san Malam Liman ita yake jira. Jama'a, mutanen nan mabiya addinin Buda ne mafi yawansu, kuma alade a wurinsu kamar naman shanu ne a wurinmu. Sunansa "mu". Ku riƙe kalmar nan. Da safe za ka ji ƙanshi, ka ga nama a jikin tsinke a kan garwashi, sak tsiren Agege. Alade ne. Wani abokin tafiyarmu har ya miƙa kuɗi, Allah Ya taimake shi mai sayarwar ta ga hularsa, ta girgiza kai ta ce "mu, mu", ta mayar masa da kuɗinsa. Allah Ya shiryi matar nan. Kuma ko ka ce a ba ka kaza ko kifi, romon da aka dafa taliyar da man da aka soya na iya zama na alade. Cewa "mai kin mu", wato ba na cin alade, bai wadatar ba.

Abin da ya wadatar shi ne ka nemi Musulmi, kuma akwai su. Sun kai wajen kashi 5 cikin 100 na ƙasar, sun fi yawa a kudu wajen Patani da Yala da Naratiwat, amma a Bankok kanta masallatai sun fi 100. Suna da majalisar Musulunci ta ƙasa mai ba da tambarin halal, wani ɗan lu'u-lu'u mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci a ciki, za ka gan shi a jikin kayan gwangwani da na leda. A bakin titi kuwa ka nemi mace mai lulluɓi, ko alamar wata da tauraro a jikin kura. Kusa da Paratunam, a lungu na 7 na titin Pecaburi, akwai masallacin Darul Aman, layin cike yake da masu abinci Musulmi. Can nake Juma'a. Huɗuba da yarensu, amma da aka tayar da salla sai ka ji kamar kana gida.

Me za ka ci? Akwai kau mok kai, shinkafa ce rawaya da kaza, 'yar'uwar dafa-duka, da ɗan miya mai tsami a gefe. Akwai masaman, miyar nama da dankali da gyaɗa da madarar kwakwa, wadda asalinta ma daga Musulmi ne, ba ta da yaji sosai. Akwai roti mataba, kamar fanke mai faɗi da aka cusa wa nama da albasa. Akwai satai na kaza ko na shanu a wurin Musulmi, da miyar gyaɗa, shi ne ɗan'uwan tsirenmu na gaskiya. Akwai tom yam, romon jatan lande mai tsami da yaji. Ni da nake taƙama na ci barkonon Yarbawa shekara 30, sai da na yi hawaye. In ba ka iyawa ka ce "mai pet". Suna da wata shinkafa mai danƙo da ake ci da hannu, a dunƙula kamar tuwo, har a haɗa ta da mangwaro da madarar kwakwa. Sannan abin mamaki, suna shan zoɓo, suna cin tsamiya, suna soya fara. Na tsaya gaban mai fara na yi ta dariya, na ce ashe Bahaushe yana da dangi a nan.

'Ya'yan itace kuwa sai wanda ya gani. Akwai wani mai ƙaya kamar bushiya, sunansa duriyan. Daɗi gare shi, amma warinsa ya sa otal-otal da jiragen ƙasa suka hana shiga da shi. Wanda kuma ya gaji da baƙon abinci, ya je Nana, lungu na 3 a titin Sukumwit, unguwar Larabawa da 'yan Afirka. Akwai gurasa da gasasshen rago, akwai masu turaren itace na oud. Sai dai samari, ku ci ku koma masauki. Tsallaken titin nan da dare ba wurin ɗan Musulmi ba ne, kuma jarin mutum da yawa a nan ya narke.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda na tsaya a gabanku. A wata tafiya, daren da za mu taso, wani ɗan ƙasarmu ya same ni a masauki. Ya yi mini kirki kwana 3, ya raka ni wajen masu aika kaya, ya biya mini shayi. Sai ya kawo 'yar jaka, ya ce takalma ne na mahaifiyarsa, in na sauka Ikko ƙanensa zai karɓa, ga dala 200 na sha ruwa. Na ji kunyarsa, na karɓa. Da maigida ya gani, bai yi faɗa ba. Ya ce a kira shi. Ya ce masa, "Buɗe, ka yanka dundunyar takalmin nan a gabanmu, in babu komai ni zan biya ka kuɗinsa ninki biyu." Mutumin ya ce bari ya ɗauko wuƙa. Har yau bai dawo ba. Jakar ma a hannunsa ta tafi.

Jama'a, dokar Tailan a kan fataucin ƙwaya tana kaiwa har ga hukuncin kisa. A 2003 an dawo da ɗaruruwan 'yan Nijeriya daga gidajen yarin can don su ƙarasa zamansu a gida. Shi ya sa ake neman takardar NDLEA, shi ya sa ake juya kore fasfonmu sau uku a filin jirgi. Kada ka ɗauki saƙon kowa, ko allura ce. Kada ka ba kowa aron sunanka a takardar aika kaya. Ka tsaya a kan katon ɗinka har a naɗe shi a gabanka. Mu nan mun san Bahaushe da karɓar amana, a ba ka saƙo daga Agege zuwa Kano ka kai ba ka buɗe ba. Hali ne mai kyau, amma a filin jirgin Bankok shi ne zai kai ka kurkuku.

Akwai kuma 'yan damfarar gari. Mai keke-napep ɗinsu, da suke kira tuk-tuk, zai ce wurin da za ka an rufe yau, bari ya kai ka inda ake gwanjon duwatsu masu daraja. Ƙarya ne, la'ada yake nema. Gaskiya ne Bankok da garin Cantaburi cibiyar duwatsu ce ta duniya, har shuɗin dutsen da ake haƙowa a Mambila can yake ƙarewa. Amma sana'ar da ba ka gada ba, ba ka koya ba, kada ka fara ta a bakin titi. In za ka shiga tasi ka ce a kunna mita.

Daga ƙarshe, shin tafiyar tana biya? Ku ji gaskiya. Tun shekarun 2000 yawancin masu sari sun karkata Guwanzu ta ƙasar Sin, kuma kaya da yawa da za ka gani a Sampen da Paratunam daga Sin ɗin aka kawo su. In irinsu za ka saya, ka yi tafiyar banza. Abin da har yanzu nake zuwa nema shi ne ɗinkin Tailan na asali, musamman kayan yara da na mata, don ya fi ƙarko kuma masu saye sun san bambanci. Kafin ka yanki tikiti, zauna da biro. Kuɗin jirgi, biza, masauki, abinci, kuɗin aika kaya a kan kilo, kwastan, da faɗuwar naira tsakanin ranar da ka saya da ranar da ka sayar. Ka kuma duba jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Raba duka a kan yawan kayanka. In riga ta iso Agege da tsadar da ta fi ta Balogun, zauna a gida ka sara a Balogun, babu kunya a ciki. Masu ƙaramin jari ku haɗa kai mutum 5 ko 6 ku tura amintacce guda, da rubutu da shaidu kamar yadda addini ya koya mana. Ina roƙon shugaba ƙungiya ta shiga tsakani a irin wannan.

Wani abu guda kuma ya tsaya mini a rai. Mun san Tailan da shinkafa, shekara da shekaru muna cin tasu. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, amma Tailan ce kan gaba wajen sayar wa duniya garinsa. Ayaba, mangwaro, tsamiya, ba sa bari su ruɓe, sai su busar, su sa a leda mai kyau, su buga kwanan wata. Ni kuwa kullum ina wucewa Mile 12 ina ganin tumatirin mutanenmu ana zubarwa kwando-kwando. Samarin da kuke son zuwa Bankok, in Allah Ya kai ku, kada ku dawo da kaya kawai. Ku tsaya ku kalli yadda suke busarwa da yadda suke ƙullewa, ku tambayi kuɗin injin.

Nan zan tsaya. Wanda yake da tambaya ya same ni bayan Magariba a ƙofar masallaci, amma ya zo da biro da takarda. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure nawa ne, ku yafe mini. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare 'ya'yanmu daga kwaɗayi da mugun aboki, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya jiƙan magabatanmu.